Baƙi daga shekarar 2484: nazari kan wani wasan talabijin na yara daga Cekoslobakiya

0. Gabatarwa

A cikin wannan ƙasida muna so mu yi bayanin wani nau'i na wasannin talabijin da ake shiryawa domin yara, wato wasan ban dariya da aka gina bisa ƙagaggen labarin kimiyya, inda ƴan wasa ke barin zamaninsu su tafi wani zamani. Don kada bayanin ya tsaya a iska, mun zaɓi misali guda wanda za mu bi daki-daki, shi ne wasan nan mai suna Návštěvníci, ma'ana «Baƙi» ko «Maziyarta», wanda gidan talabijin na ƙasar Cekoslobakiya ya fara nunawa a ƙarshen shekarar 1983. Tun daga nan muna jan hankalin mai karatu kada ya rikita shi da fim ɗin Faransa mai suna Les Visiteurs, na Jean-Marie Poiré, wanda ya fito a 1993. Sunayen biyu ma'anarsu ɗaya, kuma dukansu suna magana kan tafiya cikin zamani, amma ayyuka ne daban-daban.

Mai karatu na iya tambaya: mene ne haɗin malaman jami'a da wasan yara? Amsarmu ita ce, wannan wasa ya taɓo tambayoyi biyu da kowane mai bincike ke fama da su. Ta farko: me takardu ke iya gaya mana game da mutanen da suka shuɗe, me kuma suke ɓoyewa? Ta biyu: idan al'umma ta miƙa dukan lissafinta ga na'ura guda, wa zai duba ita na'urar? Za mu fara da daidaita kalmomi, sa'an nan mu kawo asalin wasan da labarinsa, mu duba inda dariyarsa ke fitowa, mu kwatanta shi da takwarorinsa na wasu ƙasashe, daga ƙarshe mu mai da shi cikin halin ƙasar da aka yi shi.

1. Batun kalmomi

Abin da Faransawa ke kira science-fiction mun kira shi «ƙagaggen labarin kimiyya». Labari ne da aka ƙaga, amma abubuwan mamakin da ke cikinsa ana jingina su ga ilimi da injuna, saɓanin tatsuniya wadda ke jingina nata ga aljanu, layu da tsafi. Abin da suke kira feuilleton kuma mun kira shi «wasa mai kashi-kashi», tun da labari ɗaya ne aka yanka shi gunduwa-gunduwa, kowane kashi na ɗorawa daga inda na baya ya tsaya. Game da voyage dans le temps, mun fi son «tafiya cikin zamani» bisa «tafiya cikin lokaci», domin a Hausa lokaci shi ne abin da agogo ke aunawa, zamani kuwa ya haɗa da mutanen da ke cikinsa, da tufafinsu, da abincinsu, da ɗabi'unsu. Matafiyan da za mu yi magana kansu zamani suka sake.

Akwai wani abin lura a nan game da kalmomin gaba da baya. Idan muka ce «nan gaba» muna nufin abin da bai zo ba, «can baya» kuma abin da ya wuce. Amma kakanninmu su ne «magabata», jikokinmu kuma su ne «ƴan baya». Ke nan harshen na ɗauke da hotuna biyu. A hoto na farko mutum na tafiya, fuskarsa na duban abin da zai zo. A hoto na biyu zuriya ayari ce, waɗanda suka riga tashi suna gaba, masu biyowa suna baya. Faransanci ma bai tsira daga wannan ba, tun da tattaɓa-kunne ana kiran sa arrière-petit-fils. Bisa ga haka, baƙin da ke cikin wasan nan ƴan baya ne da suka fito daga gaba, suka zo neman taimako wurin magabatansu da ke baya. Duk wanda zai fassara irin wannan wasa zuwa Hausa dole ya zaɓi hoto ɗaya ya riƙe shi, in ba haka ba yara za su ɓace a hanya.

2. Asalin wasan da waɗanda suka yi shi

Wasan na da kashi 15, kowane kashi wajen minti 30. Jindřich Polák (1925-2003) ne ya ba da umurni, shi da Ota Hofman (1928-1989) suka rubuta labarin. Mutanen nan biyu sun daɗe suna aiki tare. Su ne suka yi Pan Tau, wasan yara da ya yi suna a ƙasashen Turai da dama. Polák kuma ba baƙo ba ne a fagen ƙagaggen labarin kimiyya: shi ya yi fim ɗin Ikarie XB 1 a 1963, labarin wani jirgin sararin samaniya, a 1977 kuma ya yi wani fim na ban dariya a kan tafiya cikin zamani. Karel Svoboda ne ya tsara kiɗan. Tufafin ƴan wasa aikin Theodor Pištěk ne, wanda daga baya ya samu lambar Oscar saboda tufafin fim ɗin Amadeus na 1984. Jan Švankmajer, gwanin motsa abubuwa marasa rai a gaban na'urar ɗaukar hoto, shi ma ya sa hannu wajen dabarun hoto.

Mun jera waɗannan sunaye ne don mu nuna abu guda: ƙwararrun ƙasar na sahun farko ne suka yi aikin, ba a bar shi hannun ƴan koyo ba don an ce na yara ne. Kuɗin aikin kuma ba daga gida kaɗai suka fito ba. An yi shi ne da haɗin gwiwar gidajen talabijin na Yammacin Turai, ciki har da WDR na Jamus ta Yamma, wanda dama ya saba aiki da Polák da Hofman. Yawancin hotunan garin da labarin ke gudana a ciki an ɗauke su ne a Pelhřimov, wani ƙaramin gari da ke kudu maso gabas da birnin Prag, amma a cikin wasan sunan garin Kamenice.

3. Labarin a taƙaice

Labarin ya fara a shekarar 2484. Duniya ta zauna lafiya, an gama da yaƙi da yunwa, mutane sun miƙa tafiyar da al'amuransu ga wata babbar na'ura mai ƙwaƙwalwa wadda ake kira «Babbar Ƙwaƙwalwar Ɗan Adam», a taƙaice CML bisa harshen Cek. Mutanen zamanin ba su da gashin kai, abincinsu kuma wani abu ne da ake kira amarouny, wanda ke kumbura a faranti cikin ɗan lokaci ba tare da murhu ko tukunya ba. Ana nan sai na'urar ta ba da sanarwa cewa wani ƙaton abu mai yawo a sararin samaniya ya doso duniya, kuma halaka na tafe.

Sai wani shehun malami mai suna Filip, masanin tarihin ƙarni na 20, ya kawo shawara. Littattafan tarihi sun nuna cewa wani babban masani, Adam Bernau, wanda ya ci lambar Nobel, tun yana yaro ɗan shekara 11 ya rubuta wani lissafi da zai ba da damar gusar da nahiyoyi, har ma da duniyoyi, daga inda suke. Ya rubuta shi a cikin littafin rubutu na ɗan makaranta, wato kaye, kayen kuma ya ƙone a gobarar da ta ci gidansu a 1984. Shawarar ita ce a koma baya da shekara 500, a ceto kayen kafin wuta ta cinye shi. Aka sa wa tafiyar suna «Adam 84», aka zaɓi mutum huɗu: shi Filip, da masanin injuna Leo Kane, da likita Jacques Michell, da wata budurwa Emilia Fernandez. Aka ba su sunayen ƴan ƙasa, aka sa masu gashin aro, aka ɓoye injin tafiyar cikin mota ƙirar Lada Niva, wadda kowa ya saba gani a hanyoyin Gabashin Turai a lokacin. Da suka isa Kamenice sai suka ce su masu awon ƙasa ne, sana'ar da ke ba mutum damar yawo ko'ina yana leƙe-leƙe ba wanda zai tuhume shi.

Aikin da aka zaci na ɗan lokaci ne sai ya ja. Kayen ya ƙi shiga hannu. Adam ɗin da suka zo girmamawa suka tarar yaro ne mai ƙiriniya kamar kowane yaro. «Babban Malamin» da tarihi ya ce shi ya buɗe wa Adam ido, suka tarar wani tsoho ne mai suna Alois Drchlík, mai ƴan gyare-gyare, wanda garin bai ɗauke shi da wani muhimmanci ba. Vlastimil Brodský ne ya fito a matsayinsa. Baƙin da kansu suka fara sakewa: suka ɗanɗani dafaffen abinci, Emilia ta faɗa soyayya da wani saurayin garin. A kashi na ƙarshe aka tafi da tsohon nan shekarar 2484. Da ya dubi Babbar Ƙwaƙwalwa sai ya lura ba ta zaune daidai ba, ta karkace. Ya sa ɗan guntun itace ya tokare ta. Da ta daidaita sai ta sake lissafi, ta gano cewa babu wata halaka da ke tafe, kuskure ne ta yi tun farko.

4. Ina dariyar take fitowa?

4.1. Idon baƙo

Tushen dariya na farko tsoho ne a adabi. Montesquieu ya yi amfani da shi a Lettres persanes (1721), inda ya kawo Farisawa birnin Pari don su yi mamakin abin da ƴan gari suka daina gani saboda sabo. A wasanmu baƙin ba daga wata ƙasa suka zo ba, daga wani zamani ne, amma dabarar ɗaya ce. Kuɗi, ciniki, gaisuwa, cin abinci a gidan baƙi, gardama da maƙwabta, duk abubuwan da yaro ɗan 1984 ya iya ba tare da tunani ba, sun zama jarrabawa ga manyan masana huɗu. Umurnin da aka ba su shi ne kada su ja hankalin kowa, har akwai kashi guda da aka sa wa suna da wannan umurni, amma duk ƙoƙarin da suka yi na ɓoyewa shi ke ƙara fito da su fili.

Abin da ya sa wannan ke yi wa yara daɗi a bayyane yake. A rayuwa ta kullum yaro ne jahili, babba ne masani. Yaro ake yi wa gyara a kan yadda ake riƙe cokali da yadda ake gaida mutane. A gaban akwatin talabijin kuwa sai abin ya juye: yaron ya san abin da shehun malami bai sani ba, yana hango kuskuren tun kafin a tafka shi. Dariyar ke nan ta mai sani ce, kuma yaro bai cika samun irin wannan matsayi ba.

4.2. Tarihin takarda da tarihin ido

Tushe na biyu ya fi shafar mu masu bincike. Filip ya san shekarar 1984 kamar yadda masanin tarihi ke sanin zamanin da bai gani ba, wato ta hanyar abin da aka rubuta aka ajiye. Saninsa ba ƙarya ba ne: akwai Adam, akwai gobara, akwai malami. Inda ya kuskure shi ne wajen girman abubuwa. Takardun da suka iso gare shi an rubuta su ne bayan Adam ya zama babban mutum, saboda haka girman ƙarshe ya koma ya lulluɓe farko. Yaron da zai ci lambar Nobel sai aka ɗauka tun yana ƙarami kamilin dattijo ne, wanda ya koyar da shi kuma dole ya kasance babban shehi. Da Filip ya zo ya gani da idonsa, sai ya rasa yadda zai haɗa abin da ya karanta da abin da ke gabansa. Hausawa sun ce gani ya kori ji. A nan gani ne ya kori karatu.

Akwai ƙarin darasi. Abin da ya ceci duniya a ƙarshe ba ya cikin kayen da aka yi tafiyar shekara 500 dominsa. Yana cikin ido da hannun mutumin da takardu suka kira «Babban Malami». Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin ajiyar takardu yana neman tarihin wani gari, sa'an nan ya je garin ya zauna da tsofaffi, ya san wannan tazara. Takarda na riƙe sunan sarki da na ɗan sarki, ta mance da maƙeri da magini, alhali kuwa aikinsu ne ya tsai da garin.

4.3. Babbar matsala, ƙaramin magani

Tushe na uku shi ne rashin daidaito tsakanin girman matsala da ƙanƙantar maganinta. An ɗaga hankalin duniya duka, an ƙera injin ratsa zamani, an yi kashi 14 ana fafutuka, sai ga shi guntun itace ya raba gardama. Wannan ita ce dariya mafi girma a wasan, kuma marubutan sun ɓoye ta har ƙarshe. Amma in an duba da kyau, ba faɗowa ta yi daga sama ba. Tun kashi na farko an nuna mana al'ummar da ta daina dafa abinci, ta daina gyara kaya, ta daina shakkar na'ura. A cikin mutanen 2484 babu wanda ya yi tunanin sunkuyawa ya dubi ƙafafun injin, domin a wurinsu injin ba kaya ba ne da ke zaune bisa daɓe, hukuma ce da ake saurare. Drchlík kuwa ya saba da teburi mai gurguwar ƙafa, don haka ya dube ta kamar yadda zai dubi kowane kaya da aka kawo masa gyara. Da tsohuwar zuma ake magani.

5. Kimiyya da ƙa'idar wasa

Ya kamata mu bambanta abin da kimiyya ta tabbatar da abin da marubuci ya ƙaga. Tun 1905 Albert Einstein ya nuna cewa agogon da ke tafiya da sauri yana jinkiri in an gwada shi da wanda ke zaune. A 1911 Paul Langevin ya ba da misalin matafiyin da zai bar duniya da gudu kusa da na haske, ya dawo ya tarar an yi zamani bayansa. A 1971 Joseph Hafele da Richard Keating suka ɗora agogunan atam a jiragen sama na fasinja suka kewaya duniya da su, aka kuma samu ɗan bambancin da lissafi ya yi hasashe, wanda bai kai ko kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ba. Ke nan tsallakawa zuwa gaba na da tushe a kimiyya. Komawa baya kuwa ba a taɓa nuna ta a gwaji ba.

Ban da wannan, komawa baya na da matsalar hankali. René Barjavel ya fito da ita a littafinsa Le Voyageur imprudent (1944): matafiyi ya koma baya ya kashe kakansa tun kafin ya haihu. In kakan ya mutu, matafiyin ba a haife shi ba. In ba a haife shi ba, wa ya yi kisan? Kowane labari na tafiya cikin zamani, tun daga The Time Machine na H. G. Wells (1895), dole ya samu hanyar zama da irin wannan tambaya. Labaran manya sukan mai da ita abin tsoro. Návštěvníci ya mai da ita ƙa'idar wasa: baƙin su ɗauki abin da wuta za ta ci ko ta yaya, kada su taɓa sauran. Wannan zaɓi na da hikima, domin kayen da zai ƙone in an ɗauke shi tarihi bai rasa kome ba. Ƙa'idar kuma ita ke haifar da dariya, tun da mutum ba ya iya zama a gari yana ci yana sha yana gaisawa da mutane ba tare da ya bar sawu ba. Yaro ya san wannan hali sarai: an ce masa kada ya taɓa, hannunsa kuma na ƙaiƙayi.

6. Kwatanci da wasu wasanni

In muka dubi wasannin yara na wannan nau'i, za mu ga hanyoyi uku, kowace da wanda take mayarwa jahili.

Hanya ta farko: daga yau zuwa jiya. Misalinta shi ne Peabody's Improbable History, zanen motsi na Amurka da ya fara a 1959, inda wani kare mai hazaƙa, Mista Peabody, da yaron da ya ɗauka riƙo, Sherman, ke shiga inji su ziyarci manyan mutanen tarihi. Sukan tarar da su cikin ruɗu, sai sun taimaka masu kafin abin da littafi ya faɗa ya tabbata. A nan magabata ake yi wa dariya, ɗan yau shi ne mai sani.

Hanya ta biyu: daga jiya zuwa yau. Misalinta Catweazle ne, wasan Ingila na 1970-1971 wanda Richard Carpenter ya rubuta. Wani boka na ƙarni na 11 ya tsere wa sojojin Norman ya faɗo ƙarni na 20, wani yaro ya ɓoye shi, shi kuwa yana ɗaukar lantarki da tarho a matsayin tsafi. Nan ma ɗan yau ne mai sani, ko da yake tausayin mai kallo na wajen bokan.

Hanya ta uku: daga gobe zuwa yau. A nan muke samun Doraemon na Japan, wanda Fujiko F. Fujio ya fara zanawa a 1969, jerin da ya fi shahara a talabijin kuma ya fara a 1979. Mutum-mutumi ne mai siffar kyanwa da wani jikan jika ya aiko daga ƙarni na 22 don ya taimaki kakansa Nobita, yaro malalaci. Kayan aikin gobe na fitowa daga aljihunsa, Nobita na yin almubazzaranci da su, abin na komawa kansa.

Návštěvníci na cikin hanya ta uku, amma ya juya ta. A Doraemon gobe ce ke kawo wa yau agaji. A wasanmu gobe ce ta zo roƙo. Masu injin ratsa zamani su ne mabuƙata, ƙaramin gari mai tsofaffin gidaje shi ne mai abin bayarwa. Wannan juyi shi ne abin da ya bambanta wasan da sauran, shi ne kuma ya ba ƙarshensa nauyi. Za mu ƙara da cewa sunan kashinsa na ƙarshe na nufin komawa zuwa zamani mai zuwa, kuma ya riga fim ɗin Amurka da aka sani a Faransanci da Retour vers le futur, wanda ya fito a 1985.

7. Wasan yara a ƙasar da ake tace magana

Ba za a fahimci wasan sosai ba sai an san halin da ƙasar take ciki. A watan Agusta na 1968 sojojin ƙawancen Warso suka shiga Cekoslobakiya suka kashe yunƙurin sassauci da aka sani da «Bazarar Prag». Daga 1969 Gustáv Husák ya karɓi jagorancin jam'iyya, aka shiga zamanin da ake kira normalisation. An kori marubuta da malamai da ƴan jarida da yawa daga aiki, gidan talabijin na hukuma ne shi kaɗai, tattalin arziki kuma na tafiya bisa tsarin shekara biyar-biyar da ake tsarawa daga tsakiya. A cikin wannan hali fina-finan yara da na tatsuniya suka bunƙasa, domin fage ne da ido bai cika tsananta a kansa ba, kuma ana sayar da su waje a samu kuɗin ƙetare.

In muka sa labarin a cikin wannan hali, za mu ga yana karɓar karatu biyu. Jami'in tace labarai zai ga duniyar gobe marar yaƙi, marar yunwa, marar kuɗi, wadda kimiyya ke jagoranta, abin da ya yi daidai da alkawarin hukuma. Uban da ke zaune bayan ɗansa a gaban akwati kuwa zai ga wata cibiya guda da ke yi wa kowa lissafi, wadda ba a musa mata, wadda kuma ta jefa duniya cikin firgici don ta karkace ba wanda ya lura. Ma'anar «tsakiya» da ke cikin ainihin sunan na'urar da harshen Cek ita ce ma'anar da mutane ke ji kullum a sunayen hukumomin jam'iyya. Wasan bai zagi kowa ba, bai ambaci siyasa ba; ya bar guntun itacen ya yi magana. Shekara shida bayan fara nuna shi, a watan Nuwamba na 1989, mulkin ya faɗi, ranar 1 ga Janairu 1993 kuma ƙasar ta rabu biyu, Jamhuriyar Cek da Slobakiya. Wasan ya rayu bayan ƙasar da ta haife shi, domin dariyarsa ba ta dogara ga wannan mulki kaɗai ba.

8. Kammalawa

Mun ga cewa wasan ban dariya na tafiya cikin zamani na aiki ne da tazarar sani tsakanin zamani biyu, kuma abin da ke bambanta wasa da wasa shi ne wanda aka ɗora wa jahilci. Mun ga yadda Návštěvníci ya ɗora shi kan masu ilimin gobe, ta hanyoyi uku: sun jahilci rayuwar kullum, sun yarda da takarda fiye da kima, sun kuma daina duba na'urarsu.

Abubuwa biyu muke ganin ya kamata malamai da ɗalibai su riƙe. Na farko ya shafi hanyar bincike: wasannin yara abin nazari ne kamar kowane adabi, kuma a wuraren da aka taƙaita magana sukan ɗauki abin da ba a iya faɗa a wani fage. Wanda ya tsallake su don ya raina masu kallonsu zai rasa wani ɓangare na tarihin tunanin al'umma. Na biyu ya shafi zamanin da muke ciki. A 1983 na'ura mai ƙwaƙwalwa da ke amsa kowace tambaya abin ƙage ne. Yau ɗalibi na ɗauke da irinta a aljihu, yana tambayar ta, yana kwafe amsa. Wasan bai ce a farfasa na'ura ba, tun da bayan an tokare ta daidai ta yi lissafi. Abin da ya nuna shi ne cewa kowace na'ura bisa wani daɓe take zaune, wato bayanan da aka zuba mata da mutanen da suka ƙera ta, kuma dole a samu wanda bai ji nauyin sunkuyawa ya duba ba. Horar da irin wannan mutum na cikin aikin jami'a.